Kurajen Fuska: Man Da Matan Sabo Ke Shafawa Ya Fi Cutar Ɓarna

Unguwar Sabo ta birnin Ibadan, ko kuwa Badun kamar yadda dattawa suka saba faɗa, ta haura shekara ɗari da kafuwa, domin tun cikin 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri daura da Mokola. Da fataucin goro da shanu aka san ta a da, yanzu kuwa an ƙara da 'yan canji. Amma akwai wani ciniki da ba a yi masa shela, wanda kantunan magani ke yi dare da rana, watau cinikin man shafawa don kurajen fuska. Cikin masu sayensa har da matan aure 'yan shekara talatin zuwa arba'in, kuma sau da yawa yaro ake aikowa da tsohon kwali a hannu, ya ce wa mai kanti a ba shi irin wannan.

A al'adance akan ɗauka cewa kurajen fuska abin balaga ne, da zarar yarinya ta yi aure sai su gushe. Saboda haka idan suka feso wa uwar 'ya'ya huɗu, sai a shiga neman dalili. Wasu su ce gyaɗa ce, wasu su ce dattin ciki, wasu su dora wa zafi da gumin kudu, ba a kuwa rasa mai cewa hannun kishiya ne.

Likitocin fata sun daɗe da gano tushen abin. A jikin kowace mace akwai ɗan sinadarin nan na maza da ake kira andirojin, wanda shi ke zuga ƙofofin gashi su fitar da maiƙo. Idan ya yi yawa, ko kuwa fatar mace ta cika saurin amsa masa, sai maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Irin waɗannan kuraje sun fi fitowa a haɓa da muƙamuƙi da wuya, suna da zurfi da zafi, kuma sukan tsananta 'yan kwanaki kafin jinin al'ada. Juna biyu kan tayar da su. Haka nan allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ɗan ashanar da ake sa wa mata a damtse kan tayar da su ga wasu matan.

To, a baƙar fata ƙurji kan warke ya bar tabo baƙi wanda zai yi watanni bai dushe ba. Wannan tabo shi ne ya fi ci wa mata tuwo a ƙwarya, shi ne kuma ke kai su ga mayukan da ake haɗa magani uku a ciki, irin su Funbact-A da Skineal, da kuma haɗe-haɗen da masu gyaran jiki ke zubawa a kwalba ba suna ba lamba. A cikinsu akwai sitiroyid mai ƙarfi, wanda aka yi shi don a shafa na 'yan kwanaki a kan wasu cututtukan fata dabam. Makon farko kumburi ya faɗa, fuska ta yi haske, ƙawaye su yi ta tambayar sirrin. Bayan watanni kuwa sai fatar ta yi laushi kamar takardar albasa, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro, sababbin kuraje ƙanana masu kama da juna su rufe goshi da kumatu. Ran da aka daina, fuska ta yi ja ta ɗauki raɗaɗi, sai a sake aika yaro kanti. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Matsalar ta wuce Sabo. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara hasken fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa. Duk da haka sayen waɗannan mayuka bai fi sayen ashana wuya ba, kuma wannan abin kunya ne ga masu alhakin sa ido.

Alhali kuwa magani na gaskiya yana nan, wasu ma ba su kai kuɗin haɗin kwalba ba. Ga mai kuraje kaɗan, likita kan fara da na shafawa: benzoyil feroksayid mai kashe ƙwayoyin cuta, ko adafalin mai buɗe ƙofofin fata, ko asid ɗin azelayik wanda ke rage tabon ma. Idan kurajen sun kumbura ƙwarai akan ƙara da ƙwayar doksisaikilin na kimanin wata uku, ba a so a zarce, gudun kada ƙwayoyin cuta su saba da ita. Ga wadda aka tabbatar nata na sinadarin jiki ne, akwai ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, muddin ba ta da hawan jini ko tarihin daskarewar jini. Akwai kuma sifironolakton, tsohon maganin hawan jini da kumburi, wanda aka gano yana dakushe kaifin andirojin. A wani gwaji da aka yi wa mata 410 a Ingila da Wels, aka buga sakamakonsa a 2023, kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi sun ce sun ga sauƙi bayan mako 24, a kan kashi 63 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki. Abin lura a nan shi ne yawan makonnin. Babu ɗaya cikin waɗannan magunguna da ke nuna aikinsa sosai kafin wata biyu ko uku, kuma a nan ne mata da yawa ke karaya su koma gidan jiya.

Sai dai akwai tambaya guda da mai kanti ba zai yi wa yaron da aka aiko ba, likita kuwa da ita zai fara: shin akwai ciki, ko ana neman sa? Isotiretinoyin, wanda shi ne maganin ƙarshe ga kuraje masu tsanani, yana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa. Doksisaikilin da sifironolakton da adafalin su ma an hana mai ciki. A unguwar da mace kan kasance ko da goyo ko da ciki, kuma kunya kan hana ta faɗin cikin wata biyu ko ga uwarta, aron maganin maƙwabciya ganganci ne da rayuwar jariri.

Har ila yau, wani lokaci kurajen ɗan aike ne kawai. Matar da ke fama da su tare da al'ada mai tsallake watanni, da gashi a haɓa, da ƙiba, da jinkirin haihuwa, mai yiwuwa ne tana da lalurar nan ta ma'ajiyar ƙwan mace da aka fi sani da PCOS, wadda kan jawo ciwon sukari daga baya. Mata nawa ne aka yi wa gorin haihuwa, ko aka yi musu kishiya, alhali alamar tana rubuce a fuskarsu shekara da shekaru?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, yana kan titin Sarauniya Elizabeth, ɗan taƙi kaɗan daga shataletalen Mokola, kuma yana da sashen likitocin fata da na mata. Wadda za ta je, ya kamata ta fara karɓar takarda daga ƙaramin asibiti, ta riƙe kwanakin al'adarta na watannin baya, ta kuma tattara duk kwalaye da kwalaben da ta taɓa shafawa ta tafi da su, domin mai sitiroyid a hankali ake janye shi, likita kuma sai ya ga irin wanda aka shafa kafin ya tsara yadda za a janye.