Idan Fitsari Ya Koma Kalar Baƙin Shayi, Kada A Kwana Da Shi

 A wajen aikinmu na fassara mukan ji iyaye suna cewa fitsarin yaro ya yi baƙi, amma sun bari sai an ga yadda zai kwana. Wasu kuma sukan ce jifa ne ko maita. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan abin da ke kawo shi.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki. Kowace ƙwaya takan yi kwana kusan 120 kafin ta mutu, ɓargo kuma ya ƙera wata. Abin da ke ba su launin ja shi ne himogulobin. Idan ƙwayoyin suka farfashe da yawa a lokaci guda, sai himogulobin ɗin ya bi ta ƙoda ya fito a fitsari, ya mayar da shi kalar baƙin shayi ko Coca-Cola. Haɗarin biyu ne: jini ya ƙare cikin 'yan kwanaki, ko ƙoda ta tsaya.

Wannan daban yake da tsargiya. Mai tsargiya yakan ga jan jini, galibi a ƙarshen fitsari. A nan kuwa fitsarin ne gaba ɗaya yake yin duhu.

Abu na farko da ke kawo shi shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, musamman ga yara. Wani lokaci ma yakan bayyana mako ɗaya zuwa uku bayan an yi wa yaro allurar zazzaɓi an sallame shi. Don haka a ci gaba da lura ko bayan an dawo gida.

Na biyu shi ne ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Ana gadonsa, ya fi kama maza, kuma mutane kusan miliyan 400 ne ke da shi a duniya. Mai shi lafiya lau yake, sai ya haɗu da abin da ke tayar da shi: ƙwallon kafur da ake sa wa tufafi, lalle a jikin jariri, wasu magunguna irin su firimakwin, da kuma wake mai faɗi da ake kira ful a Sudan. Wakenmu na gida ba ya cikinsu, a ci gaba da ci.

Na uku ba kasafai ake samunsa ba, ana kiransa PNH. Ba gadonsa ake yi ba, daga ɓargo yake farawa, ya fi samun manya. Wasu masu shi sukan ga fitsarin farko na safe ya yi duhu, zuwa rana ya washe. Yana iya sa jini ya daskare a jijiya, kuma sai a babban asibiti ake gano shi.

G6PD da PNH ba a ɗaukarsu daga wani. Kada a tsangwami mai su, kada kuma a ɗora wa uwa laifi.

A garzaya asibitin sansani nan take, ko da dare ne, idan baƙin fitsari ya zo, musamman tare da ɗaya daga cikin waɗannan: ido ya yi ɗorawa irin na shawara, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, numfashi sama-sama, kasala mai yawa, ko fitsari ya ragu. Ku ɗebi fitsarin a kwalba mai tsabta ku tafi da shi, tare da duk maganin da aka sha, na kasuwa ko na gargajiya. Kada ku ɓoye komai, domin da shi likita zai gane bakin zaren. A ba maras lafiya ruwa idan yana iya sha, amma kada a ƙara masa wani magani.

Idan likita ya ce sai an yi ƙarin jini, 'yan uwa su taimaka. Idan kuma an tabbatar yaro yana da G6PD, ku nemi a rubuta muku a takarda, ku adana ta tare da takardun rajistarku, ku riƙa nunawa duk inda za a ba shi magani.

Wanda harshe ya zame masa cikas a gaban likita, ya neme mu a ofishin kariya mu fassara masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.