Wa Ke Naɗa Babban Joji?

Cikin zangon da ya wuce, da aka rarraba mu makarantu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata firamare a Inugu, kusa da unguwar Hausawa. Rannan ina koya wa 'yan aji shida yadda mulki ya kasu kashi uku, sai wani yaro, ɗan wani mai sayar da albasa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi dai Gwamna zaɓensa a ke yi. To, Babban Joji fa, in ya bar aiki wa ke sa wani?" Na ce masa Gwamna ne. Da aka tashi, malamin da ke duba aikina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, sulusin amsa ka ba yaron nan. Je ka nemo sauran." Na ji kunya ƙwarai, na kuwa nemo. Abin da na samo shi ne na ke so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai, don kada wani ya sha irin kunyar da na sha.

Da farko sai mu san wace kotu a ke magana. A Amurka kowace jiha tana da kotun ƙolinta. A waɗansu jihohinsu jama'a ke zaɓen alƙalai da ƙuri'a, a waɗansu kuwa, kamar Misuri tun 1940, wani kwamiti ke miƙa wa Gwamna sunaye uku ya ɗauki ɗaya. Mu a Nijeriya Kotun Ƙoli ɗaya ce tak, tana Abuja. Abin da kowace jiha ke da shi shi ne Babbar Kotu, shugabanta kuwa shi a ke kira Babban Joji. Kafin yaƙin basasa joji ɗaya ke shugabancin Babbar Kotun Jihar Gabas duka, watau Sir Louis Mbanefo, mutumin Anacha, yana zaune a Inugu. Yanzu kuwa garuruwan nan uku da mutanenmu suka fi yawa kowanne da nasa: Fatakwal tana ƙarƙashin na Ribas, Anacha tana ƙarƙashin na Anambra da ke Awka, Inugu kuma da nata.

Joji ba ya dawwama bisa kujera. Da, in ya cika shekara 65 sai ya huta, amma tun Yunin 2023 aka gyara tsarin mulki aka mai da ita 70. To, in kujerar ta zama ba kowa, sashe na 271 na tsarin mulkin 1999 ya faɗi yadda za a yi. Ni dai na ga abin ya yi kama da murhu. Kowa ya san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku.

Dutse na farko shi ne Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda a ke kira NJC, Babban Jojin Nijeriya ne shugabanta. Ita kuma ba haka kawai ta ke tsintar suna ba. Kowace jiha tana da hukumarta mai kula da ma'aikatan shari'a, a ciki akwai Babban Jojin jihar, da Antoni Janar, da lauyoyi biyu, da waɗansu dattawa biyu waɗanda ba lauyoyi ba. Su ke duba mutane su aika da sunaye. Majalisar ta bincika halin mutum da aikinsa, sa'an nan ta ce ga wanda ya cancanta. Ba a kuwa duban kowa sai wanda ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya.

Dutse na biyu shi ne Gwamna. Shi ke naɗawa, amma bisa shawarar majalisar nan. In ƙaramin joji ne na Babbar Kotu, magana ta ƙare ke nan. In Babban Joji ne, sai an je ga dutse na uku, watau Majalisar Dokokin Jiha, ta ce ta yarda, kāna a rantsar da shi.

Da ya ke wannan duka yana cin lokaci, doka ta ce Gwamna ya ba jojin da ya fi kowa daɗewa a Babbar Kotu riƙo. Riƙon nan wata uku ne, ba a ƙara shi sai majalisar NJC ta yarda.

A takarda abin ba wuya. Amma bari ku ji abin da ya faru a Fatakwal. Cikin watan Agusta 2013 Babban Jojin Ribas, Mai Shari'a Iche Ndu, ya huta. Gwamna Rotimi Amaechi ya ba Mai Shari'a Peter Agumagu riƙo, shi kuwa a lokacin shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'adun Gargajiya ne. NJC ta ce a'a, Mai Shari'a Daisy Okocha ce ta fi daɗewa a Babbar Kotu, sunanta kuma ta bayar. Gwamna ya ce shawara ba umurni ba ce. Cikin Maris 2014 wata kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukuncin da ya ƙarfafa Gwamna, Majalisar Dokoki ta yarda, aka rantsar da Agumagu. Kafin watan ya ƙare NJC ta dakatar da shi. Cikin Yuni ma'aikatan kotu, da suka rasa umurnin wanda za su bi, suka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofofi wata da watanni. Rigimar ba ta kwanta ba sai da sabon Gwamna, Nyesom Wike, ya hau ran 29 ga Mayu 2015, ya ba Okocha riƙo a farkon Yuni.

Wannan ba labari aka ba ni ba. A Fatakwal aka haife ni, lokacin ina ɗan shekara goma sha biyu, ina makarantar mishan a Diyobu. Kawuna fataucin doya ya ke yi. Ya ba wani mutum kaya mota guda bashi, mutumin ya ƙi biya. Da Bahaushe ɗan'uwansa ne, da Sarkin Hausawa ya kira su zaure an sasanta, gama haka mu ke yi tun kakanni. Amma wannan ba ya ƙarƙashin Sarki, saboda haka kawu ya ɗauki lauya ya kai ƙara. An sa ranar zama, ya yi wanka ya sa babbar rigarsa, ya je ya tarad da ƙofa da kwaɗo. Ya yi ta komawa har ya gaji. Waɗanda suka ba shi doyar daga gida su kuma suna jiran kuɗinsu. Ya sayad da babur ɗinsa ya biya su, jari ya karye, ya kwashe iyalinsa ya koma Arewa. Ina tuna ran da zai tafi mahaifiyata ta ce masa, "Yaya, ka ƙara haƙuri mana." Ya ce, "Haƙuri ba ya biyan kuɗin haya." Shi ma nasa da sauƙi. Ku tuna da wanda aka kama bisa ƙaramin zargi yana tsare yana jiran ranar da za a kai shi gaban alƙali, ba mai sauraronsa balle a yi maganar beli.

Watakila wani ya ce, me ke cikin kujerar nan har manya ke ja-in-ja a kanta? Akwai abu da yawa. Babban Joji ke rarraba wa sauran joji-joji shari'u, ya ce wane ya ji wannan, wance ta ji waccan. Shi ke zaga gidajen yari ya sallami waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Sa'an nan ga babba: in Majalisar Dokoki ta tashi tsige Gwamna, sashe na 188 ya ce Babban Joji ne zai naɗa mutum bakwai su binciki zargin. Kun ga ke nan ba Gwamnan da zai ce ba ruwansa da wanda ke kan kujerar. Don haka ne waɗanda suka rubuta tsarin mulki ba su bar naɗin a hannun mutum ɗaya ba.

Dutse na uku ma yakan goce. A 2020 Majalisar Dokokin Kuros Riba ta ƙi yarda da Mai Shari'a Akon Ikpeme, ko da ya ke NJC ta ba da sunanta, wai don asalin iyayenta mutanen Akwa Ibom ne. Jihar ta yi ta fama da masu riƙo, sai a farkon 2021 aka tabbatad da ita. Sashe na 271 kuwa bai ce kome a kan asali ba. Ribas ita ce ta nuna misali mai kyau a nan, gama da Okocha ta huta a Janairu 2016, wadda ta gaje ta, Mai Shari'a Adama Iyayi-Lamikanra, asalinta daga jihar Edo ne. Wannan magana ta shafe mu, mu da aka haifa a inda ba garin kakanninmu ba. Dattawan Inugu har yanzu suna ba da labarin Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato, wanda mutanen gari suka zaɓa magajin garin Inugu na farko cikin shekarun 1950. In an yi haka a da, ban ga abin da zai hana yarinyar da aka haifa a titin Bida a Anacha ta karanta lauya, ta yi aiki a jihar, ta zama joji ba.

To, 'yan'uwa, mu da za mu fita mu koyar, ga abin da na ke roƙo. Iyayen yaranmu da yawa ba su san waɗannan abubuwa ba, in sun ji ana rigimar joji a rediyo sai su ce faɗan manya ne. Baƙo kuwa, wanda ba shi da dangi a gari, shi ya fi kowa bukatar kotu a buɗe. Mu koya wa yara sunan duwatsun nan uku, da aikin kowanne, har su iya faɗa wa iyayensu a gida.

Ran Litinin da na koma aji na zana murhu a allo, na kira yaron nan na ce ranar Juma'a ban cika masa amsa ba. Da na gama bayani ya ce, "Malam, in dutse ɗaya ya ƙi fa?" Na ba shi labarin kawuna.