Gargaɗi: Bambaɗanci Ya Shiga Ɗakin Labarai

Jama'a, a yi hattara. Tun ba a buga gangar zaɓen 2027 ba, wasu gidajen rediyo da shafukan labarai na Facebook sun fara sayar muku da kirari da sunan labari. Ku kasa kunne da daddare. Gwamna zai je duba kwalbati guda, sai ku ji an ce "jagoran talakawa ya sake share wa al'umma hawaye". Nawa aka kashe? Wa aka ba kwangilar? Ruwa ya daina shiga gidajen mutanen unguwar? Shiru.

Maroƙi a gidan biki ba ya yaudarar kowa, domin a gaban jama'a ake liƙa masa kuɗi. Wanda ya fi haɗari shi ne wakilin da zai karɓi ambulan bayan taron manema labarai, a ce masa "ga kuɗin mota", ya koma ofis ya karanta yabon nan da muryar labarai. Manomin da ke ƙauye da rediyonsa a kafaɗa bai san an biya ba. Shi dai "an faɗa a rediyo", kuma da wannan zai je rumfar zaɓe.

'Yan'uwa 'yan jarida, ba za mu ce ba mu sani ba. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora mana aikin sa ido a kan gwamnati domin ta yi wa jama'a bayani. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana neman cin hanci ko karɓar wata alfarma don a buga labari ko a danne shi. Na san uzurin da ake kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinsa: wasu masu gidajen jarida sai su yi watanni ba su biya albashi ba, su bar ma'aikaci da katin shaida ya je ya nemi na tuwo. Laifin nan nasu ne, kuma ya kamata ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ta tasa su a gaba. Amma wanda ya ci kuɗin sanata yau, da wane baki zai tambaye shi kuɗin aikin mazaɓa gobe?

Editoci, duk shirin da aka biya ku faɗa a farkonsa da ƙarshensa cewa talla ne. Ku raba filin sojojin baka da lokacin labarai. Ku cire laƙaban fadanci daga rahoto, sunan mutum da muƙaminsa sun isa.

Ku kuma masu sauraro, in kun ji rahoto babu adadi, babu muryar ɗan adawa, babu ta talakan da abin ya shafa, ku buga waya gidan rediyon ku tambayi wanda ya ɗauki nauyinsa. In ba su ba ku amsa ba, ku kai ƙorafi hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin.