Yadda ake ɗaura wa tsohuwar mota na'urar auna gudu, da iyakar amfaninta a gangaren Filato

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2017 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara cikakken tilasta wa motocin haya ɗaura na'urar ƙayyade gudu, bayan wa'adin jan kunne da ya fara ranar 1 ga Oktoban 2016, masu tsofaffin motoci ke fama da tambaya guda: ta yaya na'urar lantarki za ta san gudun motar da aka ƙera ba tare da kwamfuta ba?

Tambayar ta shafi Jos kai tsaye. Birnin na zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma daga nan ake lodin dankalin turawa, tumatir, kabeji da karas zuwa sassan ƙasa. Wani kaso na wannan aiki har yanzu tsofaffin motoci ke yin sa, irin su Peugeot J5, da tsohuwar bas ƙirar Toyota Hiace, da ragowar Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Yawancinsu masu giyar hannu ne, kuma agogon gudunsu da igiyar ƙarfe yake aiki.

Yadda tsohon agogo ke aiki

A cikin akwatin giya, a kan sandar da ke fitar da ƙarfi zuwa tayu, akwai wani haƙori mai kama da zaren noti. Shi ke juya wani ƙaramin haƙori, wanda galibi na roba ne mai tauri. Wannan ƙaramin haƙori yana murza igiyar ƙarfe da ke cikin kube, ita kuma ta miƙe har bayan agogon da ke gaban direba.

A can igiyar tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyam. Gwargwadon saurin juyawar, gwargwadon yadda kofin ke karkata, allura kuma ta motsa. Wannan dabara ta tsufa ƙwarai, domin tun a 1902 wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi mata rajistar mallaka. Babu wani saƙon lantarki da ke fita daga cikinta, saboda haka na'urar ƙayyade gudu ba ta da abin da za ta karanta. Nan ne ake buƙatar ƙaramar na'urar da makanikai ke kira sensa.

Abin da sensa ke yi

Aikin sensa shi ne mayar da juyawa zuwa bugun lantarki da za a iya ƙirgawa. Wadda ta fi yawa a kasuwa tana aiki ne da ƙa'idar da masanin kimiyya ɗan Amurka Edwin Hall ya gano a 1879: idan maganaɗisu ya gifta kusa da abin da lantarki ke bi ta cikinsa, ana samun ɗan canjin ƙarfin wuta da ake iya aunawa. Irin wannan sensa tana da waya uku: ta wuta, ta ƙasa wadda ake haɗawa da jikin mota, da ta saƙo.

Akwai kuma mai waya biyu. Wata tana da naɗin waya ne a kan maganaɗisu, tana samar da wutarta da kanta, amma saƙonta kan yi rauni idan mota na tafiya a hankali. Wata kuma ɗan makunni ne a cikin gilashi, wanda ke buɗewa yana rufewa duk lokacin da maganaɗisu ya wuce. Ba kowace na'urar ƙayyade gudu ke fahimtar kowane iri ba, don haka sai an san wanda ta ke karɓa kafin a sayo.

Matakan ɗaurawa

Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da sensa mai baki biyu, wadda ke shiga tsakanin akwatin giya da igiyar agogo. Ta haka tsohon agogo zai ci gaba da aiki, na'urar kuma ta samu saƙonta.

Da farko ana cire kan batir na ƙasa, a ɗaga motar a tokare ta da abin da ya fi jak aminci. Sai a kwance notin igiyar daga jikin akwatin giya, a duba ƙaramin haƙorin. Idan haƙoransa sun cinye, saƙon zai riƙa yankewa komai kyan sensar. A duba robar da ke tare man giya, domin idan ta mutu mai zai bi ya cika sensar.

Abu na biyu shi ne dacewar baki. Zaren notin ya bambanta daga mota zuwa mota: motocin Japan da yawa suna da mai faɗin milimita 22, na Turai da dama kuma milimita 18. Bakin igiyar ma wani mai kusurwa huɗu ne, wani kuma mai ɗan kunne. Mai sayen kaya a Dilimi, inda ake hadahadar kayan gyaran mota a Jos, zai fi samun daidai idan ya tafi da tsohuwar igiyar a hannunsa. Tilasta noti a kan zaren da ba nasa ba yana lalata jikin akwatin giya, gyaransa kuwa ya fi kuɗin sensar nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne aikin waya, wanda ya kamata a bar wa ƙwararren mai gyaran wayar mota. Ana ɗauko wuta daga layin da ke kawowa bayan an murza makulli, ta hanyar fiyus. A tabbatar sensar ta dace da ƙarfin wutar motar, domin ƙananan motoci bolt 12 suke amfani da shi, manya da yawa kuwa bolt 24. A nisanta wayar saƙo daga salansa saboda zafi, da kuma wayoyin fulogi, waɗanda kan jefa mata bugun ƙarya. Kafin a sauke motar, a juya taya da hannu a ga ko mitar gwaji na nuna wuta tana zuwa tana ɗaukewa.

Idan haƙorin ciki ya lalace kuma ba a samu madadinsa ba, ana iya liƙa maganaɗisu a jikin farfela a kafa sensa kusa da shi, da tazarar 'yan milimitoci. Wannan hanya tana aiki, sai dai laka, tsakuwa da girgizar hanya sun fi saurin taɓa ta.

Saiti: inda kuskure ya fi yawa

Sensa ba ta san kilomita ba, bugu kawai take bayarwa. Sai an gaya wa na'urar yawan bugun da ke daidai da kilomita ɗaya. A ma'aunin motocin Japan, igiyar agogo tana juyawa sau 637 a kowace kilomita. Idan sensa tana bugu 4 a kowace juyawa, jimilla ta zama bugu 2,548 a kilomita.

Sensar kasuwa kuwa akwai mai bugu 4, akwai mai 8, akwai mai 16. Idan aka ɗaura mai 8 aka saita na'urar a kan 4, za ta ɗauka motar tana ninkin gudunta, ta yanke mai tun a kilomita 45 maimakon 90. Idan aka yi akasin haka, ba za ta motsa ba sai gudu ya kai 180, ma'ana motar tana ɗauke da na'ura da takardar shaida amma babu abin da ya ƙayyade ta.

Girman taya ma yana canza lissafi. Taya mai lamba 195/70 R14 tsayinta kimanin milimita 629 ne, mai lamba 195/80 R14 kuma kimanin 668. Bambancin ya kai kashi 6 cikin 100. Direban da ya sauya zuwa babbar tayar domin ɗaukar lodi, ba tare da sake saiti ba, zai ga 90 a agogo alhali yana gudun kusan 96.

Gwajin ba shi da wahala. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 60 cif. A miƙaƙƙiyar hanya mai sarari, wanda ke gefen direba zai iya kwatanta agogon da gudun da wayar salula ke nunawa ta tauraron ɗan'adam, a gudu biyu ko uku mabambanta. A ƙa'idar hanya ta Najeriya, iyakar tasi da bas ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Tanka da tirela kuwa 45, 50 da 60 ne. Ga motar haya, FRSC ta amince da wasu kamfanoni ne kawai su ɗaura na'urar, bisa ma'aunin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON.

Dalilin damuwa da 'yan kilomitoci kaɗan shi ne, ƙarfin karo yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Motar da ke gudun 120 tana ɗauke da ninki huɗu na ƙarfin da take da shi a 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan karo mai kisa da kashi 4 cikin 100.

Abin da na'urar ba ta yi

Idan gudu ya kai iyakar da aka saita, na'urar tana rage man da ke zuwa inji ne. A motar kabureta ko tsohuwar mai dizal, galibi wani bawul na lantarki ke taƙaita man. A sabuwar mota kuma saƙon totur ake ragewa. A duka biyun, na'urar ba ta taka birki.

Wannan batu yana da nauyi a jihar Filato, inda mai barin Jos zuwa kudu dole ya sauka daga tudu. Hawan Kibo, a ƙaramar hukumar Riyom kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ya yi ƙaurin suna wajen haɗurra saboda tsawon gangarensa da kwanoninsa. A irin wannan wuri nauyin mota da lodinta ne ke jan ta, ko da ba a ba inji ɗigon mai ba. Sensa za ta ƙirga gudun daidai, na'urar ta yanke mai, motar kuma ta ci gaba da ƙara sauri.

Lamarin ya fi muni ga direban da ya saka mota a firi domin tsimin mai. Da zarar an raba inji da tayu, an rasa riƙon da inji ke yi, dukan nauyin ya koma kan birki. Birkin da aka daɗe ana dannawa yakan yi zafi ya daina kamawa, man birki ma yana iya tafasa. A manyan motoci masu birkin iska, yawan dannawa yana ƙarar da iskar. Wanda ya kashe inji gaba ɗaya kuwa ya rasa abin da ke taimaka wa ƙafarsa wajen danna birki.

Tsohuwar ƙa'idar direbobi ita ce mafita: giyar da mota za ta hau tudu da ita, da ita ake saukowa, kuma tun kafin a fara gangara ake shigar da ita. A nan giyar hannu tana da fifiko, domin direba ne ke zaɓa da kansa.

Kula bayan ɗaurawa

Allurar da ke rawa, ko mota mai yanke mai ba gaira ba dalili, alama ce ta haƙori da ya cinye, waya da ta saki, ko mai da ya shiga sensa. Ya kamata a sake saiti duk lokacin da aka canza girman taya, ko akwatin giya, ko haƙoran aksul. Cire wayar sensa domin a samu damar gudu yana mayar da na'urar makauniya, kuma fasinjan da ya ga shaidar ɗaurawa ba shi da hanyar sanin haka.

Jos ce mazaunin hedikwatar shiyyar FRSC mai kula da jihohin Filato, Binuwai da Nasarawa, wato jihohin da motocin kayan gwari ke ratsawa idan sun gangaro daga tudun. Mai motar da ke son tabbatar da cewa abin da aka ɗaura masa ya cika ƙa'ida zai iya neman bayani a ofishin hukumar. Sauran aikin, wato duba birki kafin lodi da zaɓen giya kafin gangara, yana hannun direba.