Ƙoƙarin samar da matsuguni a Boɗinga da Shagari

Ƙoƙarin samar da matsuguni a Boɗinga da Shagari ya ƙunshi hanyoyin da dangi, maƙwabta, sarakunan gargajiya, kwamitocin zakka da hukumomi suke bi domin kada mutum ya rasa wurin kwana a waɗannan ƙananan hukumomi biyu na Jihar Sakkwato, a arewa maso yammacin Najeriya. Dukansu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. A ƙidayar 2006, Boɗinga tana da mutum 175,406, Shagari kuma 156,413, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da ke zaune a ƙauyuka. Kalmar muhalli da ake yawan ji a rediyo tana nufin gida, tana kuma nufin yanayin da ke kewaye da mutum, don haka a wannan maƙala an fi amfani da matsuguni.

Yadda matsalar take a yankin

A manyan birane irin su Legas, marar gida shi ne wanda ake gani yana kwana ƙarƙashin gada. A Boɗinga da Shagari ba kasafai ake ganin haka ba, in ban da masu taɓin hankali da wasu baƙi da ke raɓewa a tasha ko rumfunan kasuwa. Matsalar tana ɓoye ne a cikin gidaje. Akwai magidancin da ɗakinsa ya faɗi da damina, ya kai matarsa gidan iyayenta, shi kuma yana kwana a zauren yayansa. Akwai saurayin da aka ɗage aurensa shekara biyu don bai kammala rufin ɗaki ba, da tsohuwar da ke zaune a ɗakin da bangonsa ya tsage. Duk waɗannan suna da inda suke kwana, amma babu mai cewa suna da matsuguni tabbatacce.

Talauci ne tushen abin. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya nuna cewa kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikinsa, kuma Jihar Sakkwato ce ta fi kowace jiha, da sama da kashi 90 cikin ɗari. Daga cikin ma'aunan da aka yi amfani da su akwai irin kayan da aka gina gida da su, da ruwan sha, da makewayi. Sai kuma ruwan sama. Damina a yankin gajeriya ce, amma marka ta watan Agusta takan jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube, musamman inda ruwa ba shi da mafita.

Gidan gandu da zaure

Babban abin da ke hana mutane watsewa a titi shi ne tsarin gida kansa. Gidan gandu fili ne guda da katanga ta kewaye, inda uba da 'ya'yansa maza masu aure suke zaune, kowa da sashensa. Idan ɗa zai yi aure ba ya neman haya. A yanka masa gefe a cikin gida, a tayar da ɗaki. Idan gida ya cika, sai a fita bayan gari a yanki wani ɓangare na gonar iyali. Ta haka ne unguwanni da dama suka samu, kuma shi ya sa sunayen ƙauyuka da yawa a ƙasar Sakkwato suke farawa da Gidan ko Tungar, sannan sunan wanda ya fara sauka.

Zaure shi ne masaukin baƙo. Matafiyi, ɗan ci-rani ko malamin da ya zo da ɗalibansa yakan fara gabatar da kansa ga mai unguwa ko hakimi, shi kuma ya nema masa mai masauki. Wannan al'ada tana da dogon tarihi a Boɗinga. A Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar a yau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Jama'ar Shehu mutane ne da suka bar gidajensu tun hijirar 1804 zuwa Gudu, kuma sai da aka sama musu wurin zama da na noma. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki kafa garuruwa da zaunar da makiyaya wuri guda a matsayin aikin mulki.

Tsarin yana da inda yake gazawa, kuma mata ne suka fi jin jiki. Macen da aurenta ya mutu takan koma gidan mahaifinta ko na ɗan'uwanta, inda sau da yawa babu ɗakin da ke jiranta. Wadda mijinta ya rasu tana yin takaba ta wata huɗu da kwana goma, sannan a zo rabon gado. Rabonta tumuni ne idan mamacin ya bar 'ya'ya, kuma idan akwai kishiyoyi tare za su raba tumunin. A gidan da bai wuce ɗaki uku ko huɗu ba, wannan kaso bai kai ɗaki guda ba. Idan magada suka zaɓi sayarwa a raba kuɗi, ita da ƙananan yaranta ne suke fara neman wurin raɓawa. Yawancin sulhun da dattawan unguwa da limamai suke yi a kan gado yana komawa ne ga roƙon manyan 'ya'ya su bar gidan a tsaye har marayu su girma.

Aikin gayya

Gayya ita ce taron mutane don yi wa wani aikin da ya fi ƙarfinsa, ba tare da lada ba sai abinci da goro. An fi saninta a noma, amma a gini ma tana da muhimmanci. Bayan kaka, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi kuma ƙasa za ta bushe da wuri, mai gini yakan sanar da abokai da surukai. Wasu su haƙo ƙasa daga kududdufi, wasu su ɗebo ruwa, wasu su kwaɓa da ƙafa a haɗa da ciyawa, a buga tubali ko bulon laka a shanya. Magini ne kaɗai ake biya, wani lokaci ma shi ɗin ɗan'uwa ne. Rufin gargajiya ana yin sa da azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, a shimfiɗa zana ko kara a kai, a zuba ƙasa, a sa indararo. Ɗakin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, kuma tsofaffin da ba su da 'ya'ya a kusa, samarin unguwa ne suke yi musu.

Amfanin ginin ƙasa a bayyane yake ga wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu: ɗakin soro ya fi na kwano sanyi da rana. Duk da haka mutane suna komawa ga kwano da siminti, saboda giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, kuma rufin kwano ba ya neman gyara duk shekara. A nan ne gayya take kasawa, domin hannu da yawa suna iya kwaɓa ƙasa amma ba sa sayen bandir ɗin kwano. Akwai masana'antar siminti a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, wadda ta fara aiki tun 1967 kuma yanzu tana hannun kamfanin BUA, sai dai kusancinta bai sa buhun siminti ya zo daidai aljihun manomi ba, balle bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da ya ɗaga kuɗin dako.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne adashe da kuɗin ci-rani. Matashi ya tafi Abuja, Legas ko Fatakwal da rani, ya aiko da kuɗin kwano bana, na ƙofa da taga baɗi. Gida guda yakan ɗauki shekaru ana gina shi ɗaki-ɗaki, kuma mafi yawan gidajen yankin haka aka gina su, ba da bashin banki ba.

Zakka da wakafi

Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Wakafi, wadda ta yi aiki a matsayin kwamiti kafin a mayar da ita cikakkiyar hukuma a 2016. Tana da kwamitoci a gundumomi, waɗanda suke tara zakkar hatsi da dabbobi da kuɗi su raba a cikin gundumar da aka tara. Cikin ayyukanta har da taimaka wa mabuƙata wajen gyaran gidajensu. Ƙarfin wannan hanya shi ne sani: ɗan kwamitin da ke sallah a masallaci ɗaya da mutum ya san ko ɗakinsa ya faɗi da gaske. Rauninta kuma shi ne abin da ake tarawa a gundumar da kusan kowa mabuƙaci ne ba ya da yawa, kuma abinci da magani suna riga gini.

Gidajen gwamnati

Sunan Shagari ya shiga tarihin gidaje a Najeriya ta hanyar ɗan garin, Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925 kuma ya shugabanci ƙasar daga 1979 zuwa 1983. Abinci da matsuguni ne manyan alkawuran gwamnatinsa. Shirin ya tanadi gina gidaje 2,000 duk shekara a kowace jiha cikin jihohi 19 na lokacin da kuma Abuja, wato 40,000 a shekara, mafi yawansu don masu ƙaramin ƙarfi. Zuwa tsakiyar 1983 an kammala kimanin 32,000, sannan juyin mulkin 31 ga Disamba na shekarar ya kawo ƙarshen shirin. Har yau akwai unguwanni a garuruwa da yawa da ake kira da sunan Shagari saboda waɗannan gidaje.

Masu nazari sun lissafa dalilan da suka sa aka gaza kai adadin: faɗuwar kuɗin man fetur, tsadar kwangila, jan ƙafar wasu jihohin da jam'iyyun adawa ke mulki wajen ba da fili, da gina rukunonin nesa da gari inda babu ruwa ko abin hawa. Akwai kuma batun fasali. Zane iri ɗaya aka yi wa ƙasar baki ɗaya, na ɗaki ɗaya da na ɗaki uku, babu zaure, babu tsakar gida mai sirri. Bahaushen da ya samu irin wannan gida, abin da ya fara yi shi ne zagaye shi da katanga.

Shirye-shiryen da suka biyo baya ma ma'aikata suka fi amfana. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, kuma bashin da ake bayarwa ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana buƙatar takardar shaidar mallakar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, amma mafi yawan filayen ƙauye shaidarsu ita ce hakimi da maƙwabta. Rukunonin gidajen da gwamnatocin jiha suka gina, kamar na Bado, Kalambaina da Gidan Man Ada, suna cikin birnin Sakkwato ne ko gefensa.

Ambaliya da gudun hijira

Duk hanyoyin al'umma da aka ambata an gina su ne a kan abu guda: wanda masifa ta sama yana da maƙwabcin da ba ta sama ba. Idan gari ya tashi baki ɗaya, lissafin ya rushe. An ga haka a ambaliyar watan Satumban 2010, lokacin da ruwan kogin Rima ya mamaye garuruwa da dama a jihar, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A lokacin sai da gwamnatin jiha ta gina sababbin gidaje ga waɗanda abin ya shafa a Goronyo, Gada da Silame, domin babu gayyar da za ta iya.

Hare-haren 'yan bindiga sun fi ambaliya wahalar magancewa, saboda ruwa yana janyewa a san ranar komawa. Matsalar ta fi tsanani a gabashin jihar, a Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, amma ta kai ga ƙauyukan Tureta da Shagari da wasu sassan Boɗinga. Mutanen da suka gudo kaɗan ne suke shiga sansani. Yawancinsu suna sauka ne wurin dangi a garuruwan bakin titi, ko a azuzuwan makarantu da gine-ginen da ba a kammala ba. Wasu kuma suna kwana a gari, da safe su koma gona, kafin la'asar su dawo. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da takwararta ta ƙasa sukan kawo hatsi, tabarmi, barguna, wani lokaci da kwano da siminti, amma nauyin yau da kullum yana kan mai masauki, wanda rumbunsa na iyali guda yake ciyar da iyali biyu ko uku.

Almajirai ma suna cikin wannan lissafi, ko da yake ba a cika kiransu marasa matsuguni ba. Da can malami yana da zaure da gona, unguwa kuma tana ciyar da ɗalibansa. Inda yara suka yi yawa fiye da zauren, sai a koma kwana a barandar shaguna. A Gagi da ke Sakkwato ne aka buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko ta gwamnatin tarayya a watan Afrilun 2012, mai ɗakunan kwana, kuma a 2023 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Ga wanda gudun hijirarsa ya daɗe, abin da yake nema bayan ɗaki shi ne fili. Hakimai da masu gonaki sukan ba da aron wuri a kafa bukka ko a yi noma, bisa fahimtar cewa za a mayar idan zaman lafiya ya samu. Aron ba ya ba mutum damar yin ginin dindindin, don haka iyali sukan shekara biyu ko uku a ɗakin kara da leda, suna sake rufi duk farkon damina.