Dasa Injin Bincike na Musamman Cikin Burauza: Amfaninsa ga Mai Nazarin Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda manazarci zai dasa wa kansa injin bincike na musamman cikin burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, irin su Firefox da Chrome. An ɗauki misalai daga Sabon Birni da Isa, domin sunaye da karin harshen wannan yanki suna fito da matsalar a fili.

2.0 Matsalar

Duk wanda ya rubuta kalmar "Isa" a babban injin bincike zai sami tarin shafuka kan Annabi Isa (AS), da mutane masu wannan suna, da kuma aikatau "isa", kafin ya kai ga garin Sarkin Gobir na Isa. Haka nan "Sabon Birni" ba gari ɗaya ba ne a ƙasar Hausa.

Matsala ta biyu ita ce ta rubutu. Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, wasu kan rubuta shi da ƙ mai lanƙwasa, wasu kuma da k. Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedkwata a ƙarni na 19, "Tibiri" ne a takardun Faransanci. Harafin da muke rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ne a Jamhuriyar Nijar. Daɗin daɗawa, Bagobiri kan ce hwari da tahiya da ɗiya, inda Daidaitacciyar Hausa take da fari da tafiya da 'ya. Ke nan abu ɗaya yana iya ɓuya ƙarƙashin siffofi biyu ko uku, kuma ba kowane inji ne ya san danginsu ɗaya ba.

3.0 Yadda Abin Yake Aiki

Idan mutum ya yi bincike a wani shafi, sau da yawa kalmar da ya nema takan bayyana cikin adireshin da ke saman burauza. Alal misali, adireshin binciken Wikipedia ta Hausa yana da wannan siffa:

ha.wikipedia.org/w/index.php?search=Gobir

Abin da ke canzawa a nan shi ne kalmar ƙarshe kawai. Sauran adireshin tamkar ƙirar jimla ce mai gurbi ɗaya. Dasa injin bincike ba kome ba ne illa koya wa burauza wannan ƙira, domin ta riƙa cike gurbin da kanta. Hanyoyi biyu ne ake bi.

3.1 Hanyar da Shafi Yake Miƙa Kansa

A 2005 kamfanin A9, wani reshe na Amazon, ya fito da tsarin OpenSearch. Mai shafi yakan ajiye wani ɗan fayil mai ɗauke da sunan injinsa da ƙirar adireshinsa, sa'an nan ya sa alama a kan shafin mai nuni ga fayil ɗin. Da burauza ta ga alamar, sai ta ba mai karatu damar ƙara injin cikin jerin nata. Firefox 2 da Internet Explorer 7 sun karɓi tsarin tun 2006, kuma shafukan Wikipedia suna ɗauke da wannan alama.

3.2 Hanyar Dasawa da Hannu

Idan shafi bai tanadi alamar ba, sai a shiga sashen saita injunan bincike na burauza, a ba sabon injin suna da ɗan gajeren laƙabi, a kwafo adireshin, a sa %s a gurbin kalmar. Daga nan, in an rubuta laƙabin da kalma a mazaunin adireshi, binciken zai tafi kai tsaye. Sharaɗin dai shi ne kalmar ta kasance tana fitowa cikin adireshi.

4.0 Amfani ga Mai Nazarin Gobir

Hanya ta biyu ta fi amfani a gare mu, domin ana iya saka kalmomi na dindindin cikin ƙirar. Dubi wannan:

google.com/search?q=%s+Gobir

Da wannan inji, "Isa" za ta tafi tare da "Gobir" a kowane lokaci, sai sakamakon ya karkata ga garin. Haka kuma ana iya ƙara site: tare da adireshin wata jami'a ko mujalla, domin a tsare binciken cikinta kaɗai. Kalmar OR, da manyan baƙaƙe, tana haɗa siffofi biyu, kamar Alƙalawa OR Alkalawa.

Akwai abin lura game da baƙaƙe masu lanƙwasa. Burauza takan juya su zuwa lambobi kafin ta aika: ƙ ta zama %C6%99, ɗ kuma %C9%97. A wajen na'ura, ƙ da k baƙi ne ga juna. Saboda haka rashin samun kalma a bincike ba hujja ba ce ta cewa ba a taɓa rubuta ta ba. Ɗalibin da ya kafa sakamakon kundinsa kan irin wannan shiru na iya yin kuskure babba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa injin bincike na musamman ƙirar adireshi ce mai gurbi, wadda shafi kan miƙa ko mutum ya tsara da hannunsa. Yana rage wahala, amma ba ya fito da abin da ba a saka a intanet ba, kuma mafi yawan tarihin Sabon Birni da Isa yana bakin dattawa da makaɗan fada da takardun ajami. Ya kamata cibiyoyinmu masu buga ƙamusu da mujallu a intanet su sanya alamar OpenSearch a shafukansu, su kuma tsara bincikensu yadda wanda ya nemi "fari" zai iske "hwari".