Rigimar tantance jami'o'i a Amurka

A Amurka ba gwamnati ke tantance jami'a ba. Wanda ya saba da hukumar NUC ta Najeriya zai ji abin banbaraƙwai: ƙungiyoyi masu zaman kansu ke aikin, kuma makarantun da ake dubawa su ke biyan kuɗin da ƙungiyoyin ke gudana da shi. Malaman wannan jami'a ne za su je waccan, su leƙa ajujuwa, su juya takardun kuɗi, su rubuta rahoto.

Ƙarfin ƙungiyoyin daga baitulmalin tarayya ya fito. A ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965, makarantar da ba ta da hatimin ƙungiyar da Ma'aikatar Ilimi ta yarda da ita, ɗalibanta ba sa samun tallafin Pell, ba sa samun rancen karatu na gwamnati. Janye hatimi kusan garƙame makaranta ne, shi ya sa da wuya a janye shi.

An kuwa ga illar haka. Ƙungiyar tantancewa ta ACICS ta ci gaba da tsaya wa makarantun kuɗi na Corinthian har suka durƙushe a 2015, na ITT suka bi bayansu a 2016. Dubban ɗalibai suka tashi da bashi a wuya, babu takardar shaida: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2022 gwamnati ta yanke hulɗa da ACICS gaba ɗaya.

Ƙudurin da 'yar majalisar wakilai Virginia Foxx ta gabatar a 2024 ya nemi a buɗe ƙofa ga sababbin masu tantancewa, a kuma auna makaranta da abin da ta haifar: ɗalibai nawa suka kammala, me suke samu bayan karatu. Bai zama doka ba, amma umarnin da Shugaba Trump ya sa wa hannu a Afrilun 2025 ya ɗauko yawancin manufar.

Auna sakamako abu ne mai kyau, an ma makara. Inda nake da ja shi ne yadda wannan tsari zai sauƙaƙa sauya mai tantancewa, domin makarantar da aka matsa wa za ta lallaɓa ta nemi mai sassauci. Akwai kuma siyasa. Jihar Florida, bayan saɓani da ƙungiyar da ke tantance jami'o'inta, ta kafa doka a 2022 ta tilasta musu sauya mai tantancewa, sannan a 2025 ta haɗa kai da jami'o'in gwamnati na wasu jihohin kudu biyar suka kafa tasu hukumar.